Burodin Nama: Yadda Baba Ya Koma Cin Nama A Gidanmu

Kun saba in kuka ga rubutu daga wajen sakatare, to sanarwar taro ce, ko ta'aziyya, ko tunin kuɗin wata. Yau babu ko ɗaya a ciki. Maganar kicin muka zo da ita, kuma muna roƙon iyayenmu mata su yi mana afuwa da muka shigo musu gona. Abin a gidanmu ya faru nan Agege, amma muna kyautata zaton ba gidanmu kaɗai yake faruwa ba.

Da yawanku kun san mahaifinmu. Ya haura shekara 40 yana sana'ar fawa a nan Legas, kuma a mayankar Oko-Oba ya ƙarasa aikinsa kafin ƙafa ta zaunar da shi. Mutum ne da in ya dafa bayan sa zai faɗa maka yawan kitsen da ke jikinsa tun ba a kayar da shi ba. Da kuɗin nama ya ciyar da mu, da su ya biya mana makaranta. A gidan da muka tashi ana iya rasa komai, amma ba a rasa nama a miya.

A Babbar Sallar da ta wuce mun yanka rago kamar kullum. Baba na zaune a kujerarsa yana ba da umarnin fiɗa, yana yi wa samari faɗa kan yadda suke riƙe wuƙa. Uwargida ta soya nama, ta zaɓo tsokar cinya da haƙarƙari masu kyau ta cika masa kwano, kamar yadda ya dace a yi wa babba. Kwano ya dawo wayam, muka ji daɗi. Bayan kwana uku, tana shirin wanke babbar rigarsa, sai ta ga maiƙo a aljihu. Da ta sa hannu sai ga leda da tsoka uku a ciki, ko cizo babu a jikinsu. Muka kira autarmu, wadda ba ta rabuwa da gindinsa, muka tambaye ta. Yarinya ta ce, “Ai Kaka ba ya cin nama. Mu yake ba, ya ce kada mu faɗa.” Muka ce tun yaushe? Ta ce tun kafin azumin bara.

Kunyar da muka ji a ranar ba ta faɗuwa. Mu ne muka riƙa kai shi wajen likitan haƙori a 'yan shekarun nan, mu muka biya kuɗin cire masa turamen haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, amma ko sau ɗaya ba mu tsaya mun tambayi kanmu da me zai riƙa tauna nama ba. Muna ganin yana ramewa muna cewa tsufa ne. Ashe koko da tuwo da shayi da burodi kaɗai yake rayuwa a kansu, a cikin gidan da ake aje masa kwanon nama kullum.

Ba a tunkarar uba da irin wannan magana kai tsaye. Bayan sallar isha'i muka zauna kusa da tabarmarsa, muka yi ta kewaye-kewaye, can muka ce, “Baba, ko naman nan ya yi tauri ne?” Ya daɗe bai amsa ba. Daga baya ya ce, “Naman ba shi da laifi. Wuƙar ce ta dakushe.” Bai ƙara komai ba, mu ma ba mu ƙara ba.

Daga nan muka shiga neman mafita. An yi masa farfesu, an bar shi a wuta har nama ya saki ƙashi, ya sha romo ya bar tsokar, domin ko ta yi laushi zarenta na nan. An yi dambun nama, sai ya riƙa maƙale masa a dasashi yana sa shi tari. Hanta ya ci kwana biyu ya ce ta ishe shi. Kifi kuwa, duk da arzikinsa a garin nan, cewa ya yi shi bai ga nama a kwanon ba. Haƙoran roba da aka yi masa tun shekarun baya suna cikin kofi a kan taga, ya ce suna cin dasashinsa, ba zai ƙara sa su ba.

Matambayi ba ya ɓata. Ran taronmu na wata, bayan an watse muna haɗa takardu, muka yi wa wani dattijo daga cikin 'yan ƙungiya ƙorafin abin. Shi wannan bawan Allah ya yi shekaru yana aikin kuku a gidajen Turawa a Ikoyi, na ƙarshensu gidan wasu Amurkawa ne. Yana gama ji sai ya yi dariya ya ce, “Malam Sakatare, ai wannan mai sauƙi ne. Mitlof za ka yi masa.” Muka ce mene ne kuma haka? Ya ce niƙaƙƙen nama ne ake kwaɓawa da burodi da madara da ƙwai da albasa, a mulmula shi kamar burodi, a shafa masa wata miya mai zaƙi-zaƙi a sama, a gasa, sannan a yanka shi yanki-yanki. Ya ce in an yi shi daidai, da cokali ma ana yanka shi. Tun daga ranar yaran gidanmu suka raɗa masa suna burodin nama, sunan kuma ya bi shi.

Babbar 'yarmu da ke sakandare ta duba mana labarinsa a waya. Abinci ne na gida a Amurka, na iyali, ba na nuna isa ba. Ya bazu ne bayan da injin niƙa nama na hannu ya shiga gidaje, ya kuma samu karɓuwa sosai a lokacin babban karayar tattalin arziki da ta faro a 1929, lokacin da iyaye mata ke neman yadda ɗan nama kaɗan zai ishi gida, sai su ƙara masa burodi ko hatsi ya yi auki. Da aka shiga rabon nama da kati a Amurka a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dabarar ta ƙara amfani. Jamusawa ma suna da irinsa, wani lokaci da dafaffen ƙwai a tsakiya, kuma sunan da suke kiransa da shi na nufin “zomon ƙarya”. Abu ɗaya da tsohon kuku ya ja mana kunne a kai shi ne, a can da yawa suna haɗa naman sa da na alade, wasu ma su lulluɓe shi da siraran yankan naman alade. Saboda haka duk wanda zai bi tsarin girkin da ya gani a intanet ya karanta da kyau, wanda kuma ya tarar da shi a wata ƙasa ya tambaya kafin ya ci. Naman sa kaɗai ko na rago ya wadatar.

Gwajinmu na farko bai yi kyau ba, kuma laifinmu ne. Muka je muka sayo tsokar cinya zalla, wadda babu ɗigon kitse, a tunaninmu ita ta dace da dattijo. Uwargida kuma ta ce ita ba za ta cusa burodi cikin nama ba, wannan algus ne, kuma surukinta za a kai wa. Muka bar burodi da madara, muka fasa ƙwai kawai. Muka murje kwaɓin da ƙarfi kamar masu kwaɓa fulawa, muka danna shi tam a gwangwanin kek, muka shafe shi da miyar sukari tun daga farko, muka sa a wuta mai ƙarfi. Abin da ya fito, samansa ya ƙone baƙi ƙirin yana ɗaci, cikinsa kuma kamar bulo. Ko ƙofar Baba ba mu kai shi ba. Yara ne suka taimaka suka cinye da miya, su ma suna yi suna dariya.

Muka koma wajen tsohon kuku da kunya. Bai yi mana dariya ba a wannan karon, zaunar da mu ya yi ya bi kurakuran ɗaya-ɗaya. Ya ce nama in ya ji wuta tsukewa yake yi ya matse ruwan jikinsa, kamar yadda ake matse tsumma. Burodin da aka jiƙa da madara shi ke shiga tsakanin ƙwayoyin naman ya hana su kama juna tam, ya kuma riƙe romon a ciki. Wato burodin ba don auki kaɗai ake sa shi ba, shi ne sirrin laushin. Kitse kuma dole ne, kamar kashi ɗaya cikin biyar na nauyin naman. Murza kwaɓi da yawa na sa nama ya yi danƙo ya koma kamar roba, don haka da yatsu ake juyawa a hankali, da zarar ya haɗu a tsaya. Sukari kuwa ba ya jure doguwar wuta, sai can kusa da ƙarshe ake shafa shi. Ya kawo injinsa na niƙa nama na ƙarfe, irin wanda ake ɗaurewa a bakin tebur a juya da hannu, ya ba mu aro.

Ga yadda muka yi a karo na biyu, kuma shi muke bi har yau, ga mai son gwadawa. Nama kilo 1, wato kamar giram 800 na tsoka da giram 200 na kitse. Mu naman wuya muka sayo muka haɗa da tozo. A cire jijiyoyi da tantani, a yanka ƙanana, a niƙa. In da hali a sa naman ya yi sanyi kafin niƙa, ya fi fita da kyau kuma ya fi aminci. Wanda ba shi da inji ya daddatsa da wuƙa mai kaifi a kan katako har ya yi laushi, sannan ya ɗan kirɓa a turmi mai tsabta. Ba mu ba da shawarar kai nama injin markaɗen unguwa, domin da ruwa yake aiki, yana zafi, kuma ba ka san abin da ya bi ta cikinsa kafin naka ba.

Sai a samu burodi yanka 3 masu kauri, a cire ɓawon. Burodinmu na Agege ya dace sosai, musamman wanda ya kwana. A gutsuttsura shi a kwano, a zuba masa rabin gwangwanin madarar ruwa da aka ƙara wa ruwa daidai yawanta, a bar shi minti 10, a dame shi da cokali har ya zama kamar kunu mai kauri. Albasa babba 1 a yanka ta ƙanana sosai ko a gurza, a soya ta sama-sama da ɗan mai tare da tafarnuwa sala 3 har ta yi laushi, a bar ta ta huce. Wannan matakin yana da muhimmanci ga mai matsalar haƙori, domin ɗanyar albasa ba ta gama narkewa a cikin gashin. A fasa ƙwai 2. A sa gishiri ƙaramin cokali 1, dunƙulen ɗanɗano 2, garin citta da masoro rabin ƙaramin cokali kowanne, ɗan kanumfari kaɗan, da attaruhu 1 da aka jajjaga ga mai so. A haɗa duk waɗannan da jiƙaƙƙen burodin tukuna, su gauraya, sannan a zuba naman a juya da yatsu. Kafin a gasa, a ɗebi ɗan kaɗan a soya a kasko a ɗanɗana gishiri, domin in ya shiga wuta babu gyara.

A shafa wa faranti na gashi mai, a juye kwaɓin, a jiƙa hannu da ruwa a gyara shi ya yi siffar burodi, tsayinsa daga ƙasa zuwa sama kamar faɗin yatsu huɗu. Kada a danne shi. Mai obin ya kunna ta yi zafi a digiri 180 kafin ya sa. Mu ba mu da obin mai aiki, sai muka bi dabarar da iyayenmu mata ke bi wajen gasa kek. A zuba yashi mai tsabta a ƙasan babbar tukunya, kaurin yatsu biyu, a jera gwangwanaye marasa komai guda uku a kai, a rufe a bar ta ta yi zafi minti 15, sannan a ɗora farantin a kan gwangwanayen a rufe, a rage wuta zuwa matsakaiciya. A daure a daina buɗe murfi kowane lokaci, duk buɗewa zafi ne ke fita.

Yanzu sai maganar miyar sama, wadda ita ce ta jawo gardama a gidanmu. Uwargida ta ce, “Sukari a kan nama? Sai ka ce alawa za mu kai wa Baba.” Mu ma a zuci haka muka ji. Tsohon kuku ya ce mu tuna wasu masu kilishi na sa 'yar zuma ko dabino a labunsu, kuma ba wanda ya taɓa mayar musu da kilishi. Ya ce zaƙin ba shi kaɗai yake tafiya ba, da tsami yake tafiya, su biyun ne ke kashe nauyin kitse a baki. 'Yarmu ta ƙara da cewa a Afirka ta Kudu ma akwai wani gasasshen niƙaƙƙen nama mai suna boboti, da aka san Musulmin yankin Kef da shi, wanda ake sa wa busasshen inabi. Amma hujjar da ta gamsar da uwargida daban ce. Miyar na rufe saman naman ta hana shi bushewa ya yi ɓawo mai tauri, kuma ɓawon nan shi ne abin da dasashin Baba ba zai iya da shi ba.

Amurkawa kan yi tasu da miyar tumatir ta kwalba da jan sukari da ruwan kal. Mu muka duba abin da ke hannunmu. Tumatirin gwangwani babban cokali 3, mazarƙwaila da aka daka babban cokali 2, ruwan tsamiya mai kauri da aka tace babban cokali 2, ruwa babban cokali 3, ɗan gishiri da ɗan garin citta. A ɗora a wuta kaɗan minti 3 zuwa 4 ana juyawa, har mazarƙwailar ta narke, ɗanyen ƙamshin tumatirin ya fita, miyar ta riƙa kama bayan cokali. Mazarƙwaila ana samunta wajen masu kayan Arewa, kuma ta fi farin sukari dacewa, domin tana da wannan ƙamshin rake da ya sha wuta. Wanda bai samu ba ya sa zuma ko sukari, wanda ba shi da tsamiya ya matsa lemon tsami.

Bayan minti 45 a buɗe, a tsiyaye man da ya taru a farantin, a shafa miyar a sama da gefe-gefe, a mayar na minti 20 zuwa 25. Mai gashi a tukunya ya zuba ɗan garwashi a kan murfi a wannan lokacin, shi zai sa miyar ta kama ta yi sheƙi. A nan akwai abin da ba a wasa da shi. Tsokar nama guda, ƙwayoyin cuta a bayanta suke, wuta na taɓa su ta kashe. Amma da zarar an niƙa nama, abin da ke waje ya shige ciki, don haka dole tsakiyarsa ta nuna sosai. Mai ma'aunin zafi na girki ya soka a tsakiya, ya tabbata ya kai digiri 71. Wanda ba shi da shi ya cika lokacin da muka faɗa, ya soka siririyar wuƙa a tsakiya, ya ga ruwan da ke fitowa garau yake babu ja, bakin wuƙar kuma ya fito da zafi sosai. In ana shakka a ƙara minti 10. In an sauke, a bar shi minti 15 kafin a yanka. Wanda ya yi gaggawa zai ga romon ya tsiyaye, yankan kuma ya wargaje.

Daren wata Asabar ne uwargida ta yanka guda biyu, ta aje a gefen tuwon shinkafa, ta kai ta durƙusa ta ce, “Baba, ga abinci.” Mu muna daga bakin ƙofa kamar masu neman takalmi. Ya buɗe kwano ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya danna, kamar yadda muka sha ganinsa yana yi wa nama a kan tebur. Ya sunsuna. Ya ce, “Wannan kuma alkaki ne ko nama?” Ba wanda ya amsa. Ya gutsura ya kai baki, ya juya shi a hankali, ya haɗiye. Ya sake gutsura. Sai can ya ɗago ya ce, “Wuya ne. An haɗa da tozo.” Muka ce haka ne, Baba. Ya ce, “Amma an yi algus, akwai burodi a ciki. Da a kasuwa ne da Sarkin Fawa ya ci ku tara.” Sannan ya dubi uwargida ya ce, “Miƙo mini yaji.”

Ya cinye duka biyun. Autarmu na zaune a gefensa tana jiran kasonta kamar yadda ta saba, har ta ga ya suɗe yatsu. Ta tura baki ta ce, “Kaka, yau ka hana ni.” Ya ce, “Amarya, yau ki je wajen uwarki, angonki ya samu wuƙa.” Uwargida ta tashi da sauri ta koma kicin, mun san ba wani aiki ne ya kira ta ba.

Abin da ba mu zata ba shi ne abin da ya biyo baya. Mako na zagayowa Baba ya kira mu ya ce wanda ya sayar mana da wuyan nan bai cire jijiya yadda ya kamata ba, a gaba shi zai faɗi wanda za a je wurinsa. Mako na uku ya ce a samo masa keke napep. Muka raka shi mayanka, wurin da ya yi shekara biyu bai taka ba. Yaransa na dā, waɗanda yanzu kowannensu ke da teburinsa, suka taso suna zubewa suna gaisuwa. Ya zaɓi nama da hannunsa, ya yi ciniki kamar zai yi faɗa, ya dawo gida yana ba da labari har dare. Shi ya ce a riƙa niƙa naman sau biyu, kuma ya fi laushi. Shi ya ce a rage mazarƙwaila a ƙara tsamiya, muka rage. Yanzu kowace Asabar shi ne mai duba kwaɓi kafin ya shiga tukunya. Ba za mu ce burodin nama magani ba ne, amma rigunansa sun fara zama a jikinsa, kuma ya daina kwana da rana kamar dā.

Akwai ribar da ta shafi aljihu ma, a wannan zamani da kowa ya san yadda kuɗin nama yake. Kilo 1 in an soya shi tsukewa yake yi, a yi ta rigima da yara kan wa ya samu babba. A burodin nama kilo 1 na ba mu yanka 10 zuwa 12 masu kyau, kowa ya samu daidai da na ɗan uwansa. Abin da ya kwana a firji, washegari a ɗumama shi a kasko a sa cikin burodi, ya zama abin karin 'yan makaranta. Sai dai a kula da ajiya. A irin zafin garin nan kada a bar shi a waje fiye da awa 1 zuwa 2, a firji kuma kada ya wuce kwana 3 ko 4, kuma in wuta ba ta tsayawa a unguwarku gara a yi daidai wanda za a cinye a ranar. Wanda dattijonsa ke da ciwon sukari ya bar mazarƙwailar, ya shafa tumatir da tsamiya kaɗai, mai hawan jini kuma a rage masa gishiri da dunƙule, a bi abin da likitansa ya ce.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan dogon bayani zauren nan shi ne abin da muka gani a walimar da muka halarta kwanan baya. Tunda idonmu ya buɗe, sai muka tsaya muna kallon layin dattawa. An kai musu manyan tsokoki kamar yadda al'ada ta tanada. Mun ga wanda ya ture tasa gefen faranti ya rufe da shinkafa. Mun ga wanda ya naɗe a hankici. Mun ga wanda ya yafito wani yaro ya damƙa masa a ɓoye. Babu wanda ya yi ƙorafi, kuma ba za su yi ba, domin mutanen da suka ciyar da mu ne, ba su saba cewa ga abin da suka kasa ba. Mu kuma muna komawa gida da zaton mun girmama su.

Saboda haka roƙonmu ga 'yan uwa, duk mai tsoho ko tsohuwa a gida, ya daure ya zauna kusa da su sau ɗaya lokacin cin abinci ya ga abin da ke shiga baki da abin da ke komawa aljihu. Ba dole sai burodin nama ba, wata uwar ta san dabarar da ta fi wannan, kuma za mu so ta rubuto mana a ƙasa kowa ya amfana. Mun kuma sa maganar cikin ajandar taro mai zuwa, ko kwamitin abinci zai duba yiwuwar ware wa dattawa tukunya mai laushi a tarukanmu. Injin niƙan tsohon kuku na nan gidanmu, ya ce duk ɗan ƙungiyar da ke so ya zo ya ara, sharaɗinsa kawai a wanke shi da ruwan zafi a shanya ya bushe kafin a dawo da shi.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, waɗanda suka riga mu kuma Allah ya jiƙan su. Baba na gaishe ku, ya ce a faɗa wa masu zuwa sayen nama su nemi wuya, kuma kada su yarda a cire musu tozo.